Sabon faifan ABBA a kunnen ɗan Garwa

Tun ina yaro a Garwa nake jin ABBA, ƙungiyar mawaƙan Sweden mai maza biyu da mata biyu, a kaset ɗin kawuna tela, keke na ɗinki waƙa na tashi. Da suka fitar da faifansu mai suna Voyage a Nuwamban 2021, bayan shekara 40 ba sabon faifai, na je kasuwa aka tura mini shi a waya.

Waƙoƙi 10 ne. Wasu masu sharhi a Turai sun ce sautin ya tsufa. Ni kam tsufan nake so. Muryoyin matan biyu sun yi kauri, amma haɗuwarsu na nan daram, har na tuna kawu, Allah ya jiƙansa. Waƙar Kirsimetin da ke cikin faifan ce kawai ba ta shige ni ba, zaƙinta ya yi yawa.