Taswirar ofis ko shawarar manomi: abin da aka gani a Yatenga

A yankin Yatenga na Burkina Faso an gwada hanyoyi biyu na hana ruwan sama kwashe ƙasar gona.

Ta farko a farkon shekarun 1960 ce. Injiniyoyi suka tsara komai, katafila ta tayar da manyan kunyoyin ƙasa a dubban hekta, ba a nemi shawarar masu gonakin ba. Aiki ya yi sauri. Amma da kunyoyin suka fashe, ba wanda ya gyara, don manoma ba su ɗauke su nasu ba.

Ta biyu ta soma a 1979 da aikin ƙungiyar agaji ta Oxfam. Aka zauna da manoma, aka inganta tsohuwar dabararsu ta jera duwatsu, aka koya musu auna gangare da siririn tiyo mai ruwa a ciki. Jerin duwatsun ba ya datse ruwa, rage masa gudu yake yi: laka da taki su tsaya a gona maimakon su cika rafi. Akwai wahala, musamman jigilar dutse da amalanke, kuma ana tafiya a hankali. Ni dai ita na fi yarda da ita. Ko manoman Illela ta jihar Tahoua da suka ziyarci Yatenga a 1989, wajen 'yan'uwansu manoma suka ga ramukan tassa (ƙananan ramukan shuka da ake zuba wa taki, masu tare ruwan sama), suka dawo gida suka haƙa.