Ma'aunin 1:18 ko 1:43: wanne ya fi dacewa da mai fara tara ƙananan motocin ƙarfe?

Wani ɗan'uwa ya tambaya cewa yana son fara tara ƙananan samfuran tsofaffin motoci na ƙarfen zubi, amma ya rasa wanda zai zaɓa tsakanin ma'aunin 1:18 da na 1:43. Malam, lambar tana nufin sau nawa aka rage girman motar gaske. Mercedes-Benz 300 SL ta 1954, wadda ƙofofinta ke buɗewa sama kamar fikafikai, tsawonta ya kai kusan mita huɗu da rabi, saboda haka a 1:18 za ta kai kimanin santimita 25, a 1:43 kuwa ba ta wuce santimita 10 da rabi ba. Idan aka haɗa tsawo da faɗi, filin da babbar ke ci a kan kantar ajiya zai ɗauki ƙananan biyar har da ragowa.

Abin da babban ma'auni ya fi shi ne abin da ido da hannu za su samu. A yawancin samfuran 1:18 na ƙarfe ana buɗe ƙofa da bonet da but, sitiyari yana juya tayoyin gaba, kuma a kan ga inji da wayoyinsa. Kamfanin CMC na Jamus yana haɗa wasu samfuransa da sassa fiye da dubu ɗaya, yayin da Bburago na Italiya ya yi suna wajen sauƙaƙa wannan ma'auni ga masu ƙaramin ƙarfi, ko da yake aikinsa bai kai na CMC tsafta ba. Sai dai duk abin da ke buɗewa yana iya saki, kuma tazarar da ke tsakanin ƙofa da jiki takan fito da faɗi fiye da yadda take a motar gaske, abin da ke ɓata siffar mota mai santsin jiki irin Jaguar E-Type ta 1961.

Shi kuwa 1:43 tarihi ne ke bayansa. Ya samo asali ne daga ma'aunin ƙananan jiragen ƙasa na wasa a Birtaniya, domin motocin wasa na Dinky Toys, waɗanda kamfanin Meccano na Liverpool ya fara fitarwa a 1934, an yi su ne tun farko don ƙawata layin dogon wasa. Motocin wasa na Corgi sun biyo baya a 1956 da tagogi na roba mai haske, abin da Dinky ba shi da shi a lokacin. Saboda wannan daɗewa, da kuma ƙarancin kuɗin yin mazubi ƙarami, nau'o'in motocin da ake samu a 1:43 sun fi yawa nesa ba kusa ba, har da waɗanda ba su yi fice ba, waɗanda da wuya wani kamfani ya kashe kuɗi ya yi su a babban ma'auni. Wanda ke son jera motocin kamfani guda daga shekara zuwa shekara, ko motocin da suka ci tseren Le Mans na Faransa, nan ne zai sami biyan bukata, a wajen masu ƙera su irin Minichamps da Spark.

A nan akwai abin lura, domin yawancin samfuran Spark ba na ƙarfe ba ne, na rezin ne, wato wata irin roba mai tauri. Rezin yana fitar da layukan jiki da kaifi, amma a rufe yake, ba ya buɗewa, kuma yana karyewa idan ya faɗi. Ƙarfen zubi kuwa, wanda ake kira zamak, haɗin tutiya ne da alminiyam da magniziyam da jan ƙarfe, kuma yana da nasa ciwon: idan dalma ta gurɓata haɗin, jikin yakan kumbura ya tsattsage da kansa, kuma babu gyara. An fi ganin haka a samfuran da aka yi kafin Yaƙin Duniya na Biyu, danshi kuma yana hanzarta shi, don haka mai sayen tsohon samfuri ya duba fentin da kyau, ko akwai ƙananan tsaga.

A ganina, tunda ka ce tarawa kake so, ka fara da 1:43, ka tsayar da jigo guda kafin ka sayi ta farko, sannan ka ware ɗaya ko biyu na 1:18 ga motocin da injinsu ko ƙofofinsu suka cancanci a buɗe a gani, kamar ita 300 SL. Kowanne ka zaɓa, ka adana kwalinsa na asali domin yana ƙara masa daraja, ka kuma ajiye shi cikin akwatin gilashi nesa da hasken rana, wanda ke kashe launin fenti.