Survey Solutions: bitar manhajar Bankin Duniya ta tattara bayanan binciken ƙasa

Alƙaluman da hukumomin ƙididdiga ke fitarwa, na rashin aikin yi ne, ko na yaran da suka tsumbure, ko na mutanen da aka yi wa sata ba su kai ƙara ba, duk a ƙofar gida ake samo su, inda ma'aikaci ke tambaya ana ba shi amsa. Abin da ya shiga a karkace a nan, da wuya ofis ya miƙe shi. Don wannan mataki ne Bankin Duniya ya ƙera Survey Solutions, kuma kyauta ake amfani da ita. Malawi ta yi babban binciken gidajenta na 2016/17 da ita, Najeriya ma ta yi zagayen 2018/19 na binciken da ke bin gidaje iri ɗaya shekara da shekaru. A ganinmu, ga binciken ƙasa mai tambayoyi ɗaruruwa da tawagogi da yawa a fili, tana cikin mafi inganci, matuƙar hukuma na da mai riƙe saba, wato kwamfutar da duk bayanai ke taruwa a kanta, da mai iya rubuta sharuɗɗan tambayoyi. In babu waɗannan mutum biyu, wahalarta ta fi amfaninta.

Manhajar kashi huɗu ce. A Designer ake tsara tambayoyi, kuma a shafin intanet yake, ba ya aiki sai da sadarwa. Headquarters shi ne hedikwata, yana zaune a kan sabar hukuma, daga nan ake raba aiki a kuma kwashi bayanai. Supervisor na shugaban tawaga ne. Interviewer kuwa shi ne wanda mai tambaya ke riƙewa a kwamfutar hannu, Android kaɗai yake hawa, kuma yana aiki ko babu sadarwa, sai an samu a tura.

Babban abin da ya fifita ta shi ne hanyar da kowace hira ke bi kafin a karɓe ta. Hedikwata ta ba shugaban tawaga jerin gidajen da aka zaɓa, shi kuma ya raba wa masu tambaya. Mai tambaya ya kammala ya tura. Shugaban tawaga ya buɗe hirar, ya ga kowace amsa, ya ga inda manhajar ta yi ja. In bai gamsu ba, sai ya rubuta sharhi a kan ainihin tambayar, ya mayar da hirar. Tana komawa kwamfutar mai tambaya da sharhin manne, ya koma gidan ya gyara ko ya yi bayani. Bayan shugaban tawaga ya amince, hedikwata ma tana da ikon mayarwa. Duk wannan kai-komo yana rubuce da suna da lokaci. Amma fa amfaninsa yana ga saurin dubawa. In shugaban tawaga ya bar hirarraki suka taru kwana biyar, tawagar ta riga ta tashi daga yankin, komawa kuma kuɗin mota ne da kwana, sai a ƙare da gyara daga ƙwaƙwalwa. Ƙa'idar da ta dace ita ce a tura kowace yamma, a duba a daren, a koma gidajen da safe kafin a bar wurin. Inda babu sadarwa, akwai Supervisor na kwamfutar hannu da ke karɓar hira daga masu tambaya kai tsaye in suna kusa da juna, ba sai da intanet ba.

Wani abin da ke ba sababbin masu amfani mamaki: manhajar ba ta tare mai tambaya in ya shigar da amsar da ta saɓa ƙa'ida. Tana yin ja, ta nuna saƙon da aka rubuta, ta bar shi ya wuce. Sashen da ba a gama ba shuɗi ne, wanda aka gama kore. Wasu na ganin wannan sakaci ne, mu kam muna ganin daidai ne. In aka tare mutum sai ya sa lambar da na'ura ke so, zai sa ta ne don ya wuce, gaskiyar gidan ta ɓace ba wanda ya sani. In aka bar shi ya rubuta abin da aka faɗa masa da bayani a gefe, mai dubawa ya ga komai. Kowace tambaya tana ɗaukar ƙa'idojin tantancewa har 10, kuma ana iya raba su biyu, kuskure da gargaɗi. A yi hattara da yawan gargaɗi, domin in kowane shafi na kuka, masu tambaya sukan daina karantawa.

A ɓangaren lafiya, awon yara ne inda ta fi nuna kanta. Tana ɗauke da lissafin ma'aunin girman yara na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 a cikinta, don haka da zarar an shigar da nauyi da tsawo da ranar haihuwa da jinsi, ana iya sa ta faɗi nan take ko awon ya yi hankali. Iyakokin da aka saba, a makin da lissafin ke ba kowane yaro (z-score), su ne: tsawo gwargwadon shekaru ƙasa da -6 ko sama da +6, nauyi gwargwadon shekaru ƙasa da -6 ko sama da +5, nauyi gwargwadon tsawo ƙasa da -5 ko sama da +5. Duk wanda ya fita daga nan, a sake auna yaron tun yana gaban ma'aikaci. Dole a ƙara tambayar yadda aka auna shi, a kwance ko a tsaye, saboda yaron da bai kai wata 24 ba a kwance ake auna shi, kuma tsakanin awon biyu akwai santimita 0.7 da ake gyarawa a lissafi. Wani kuskure da ake yi a nan na agogo ne. In kwanan watan kwamfutar hannu ba daidai ba ne, watannin yaron za su fito ba daidai ba, komai ya bi su. A duba agogon kowace na'ura kafin tawaga ta fita.

Akwai kuma wata ɗabi'a da duk mai binciken lafiya ya sani. Yaro ɗan ƙasa da shekara 5 yana jawo dogon sashe, mace mai shekara 15 zuwa 49 ma haka, don haka ma'aikacin da ya gaji yakan mayar da ɗan shekara 4 ya zama 5 ko 6, mai 15 ta zama 14, mai 49 ta zama 50. A takarda sai bayan an gama ake gano haka. A nan kuwa manhajar tana ajiye tarihin kowace taɓawa: wace amsa aka sa, ƙarfe nawa, aka canza ta zuwa me. Ma'aikacin da ya rubuta 4, ya ga sashen yara ya buɗe, ya koma ya mai da shi 5, sawunsa na nan. Wannan fayil ɗin yana da nauyi, manhajar kuma ba ta fassara maka shi. Sai an sa mutum ɗaya da ya iya manhajar nazarin alƙaluma irin Stata ko R ya riƙa fitar da rahoto duk mako: tsawon hira, yawan canza shekaru, yawan shekarun da ke ƙarewa da 0 ko 5, ma'aikaci ma'aikaci.

Binciken ƙwadago kuwa aikin tsallake tambayoyi ne. Tun taron ƙwararrun ƙididdigar ƙwadago na duniya karo na 19 a 2013, mai aiki shi ne wanda ya yi aƙalla awa 1 a makon da ake magana a kai don albashi ko riba. Wanda ke noma don cin gida kawai an ware masa rukuni dabam. Marar aiki kuma sai ya cika sharaɗi uku: ba ya aiki, ya nema a makonni 4 da suka wuce, kuma a shirye yake ya fara. Wannan yana nufin tambayoyi goma sha wani abu da ke buɗe juna suna rufe juna ga kowane baligi a gida. Ana rubuta sharuɗɗan ne da harshen shirye-shiryen kwamfuta na C#, kuma a nan ne sababbin masu tsarawa ke tuntuɓe. Na farko, tambayar da ba a amsa ba ba sifili ba ce, fanko ce. In aka tara awoyin kwana 7 alhali rana ɗaya fanko ce, jimillar ma fanko za ta zama, ƙa'idar ta ƙi aiki yadda aka zata. Sai an faɗa mata ƙarara ta ɗauki fanko a matsayin 0. Na biyu, in aka raba cikakkiyar lamba da cikakkiyar lamba, ragowar zubewa take: 7 a raba 2 zai ba da 3. Mai lissafin kuɗin shiga na mako daga na wata yakan yi asara a nan bai sani ba.

Game da sana'a, kada a sa mai tambaya ya zaɓa daga rukunai 436 na tsarin rarraba sana'o'i na duniya, ISCO-08, a tsaye a ƙofar gida. Ya rubuta sunan aikin da abin da mutumin ke yi da kalmominsa. Manhajar tana da nau'in tambayar da shugaban tawaga kaɗai ke gani, a nan za a sa lambar sana'ar, ko a bar ta sai a ofis.

Binciken shari'a da laifuka shi ne inda muka fi jan hankali, domin kuskure a nan yana iya cutar da wanda ya amsa. Tambayoyin sun shafi wanda aka kai wa hari a watanni 12 da suka wuce da ko ya kai ƙara, da wanda ya shiga rikici a shekaru 2 da suka wuce da inda ya nemi sasanci. Ana zaɓar mutum ɗaya a gida, kuma a sashen cin zarafin mata shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce mace ɗaya tak a kowane gida. Manhajar na da hanyar zaɓe irin ta jadawalin Kish, wadda ke cire hannun ma'aikaci daga zaɓin. Sai dai in aka ƙara ko aka rage suna a jerin mutanen gida bayan zaɓe ya fito, wanda aka zaɓa na iya canzawa, ma'aikaci mai wayo kuma zai iya wasa da jerin har zaɓe ya faɗa kan wanda ke gida a lokacin. Maganinsa shi ne a sa tambayar tabbatar da cewa jeri ya cika kafin zaɓe ya bayyana, a kuma riƙa bin tarihin canje-canje. Abu na biyu, manhajar na iya naɗar muryar hira don hedikwata ta saurara. Yana da amfani wajen gane ko ana karanta tambaya yadda aka rubuta, amma sai da yardar mai amsa, kuma a binciken cin zarafi a kashe shi. Na uku, shugaban tawaga yana ganin duk amsoshi, don haka a taƙaita masu shiga saba, a cire sunaye da wurin GPS kafin a ba kowa bayanan.

A sashen tattalin arziki, jadawalin abin da gida ya ci a kwana 7 yana tafiya lafiya: a fara tambayar e ko a'a ga dukan kayan, sannan a shiga adadi da ma'auni da kuɗi. A bi wannan jeri, domin in mai amsa ya gane kowane e na jawo tambayoyi huɗu, zai fara cewa a'a. Ana iya loda teburin farashi mafi ƙasa da mafi sama don a kama sifilin da ya yi yawa, a kuma sa hoton ma'auni ƙarami da matsakaici da babba. Haɗa wannan teburi aiki ne na daban da dole a gama kafin a fita.

Yanzu ga inda take ciwo. Saba ita ce ta farko: hukuma ce za ta tanada, a kan Windows ko Docker, da rumbun PostgreSQL, da takardar tsaron shafi, da ajiyar kwafi kullum. In takardar tsaron ta ƙare a tsakiyar aiki, tawagogi duka za su kasa turawa a lokaci guda. Na biyu, asusun mai tambaya na'ura ɗaya yake bi. In ya shiga a wata sabuwa ya amince a mayar da asusun can, hirarrakin da bai tura ba a tsohuwar sun tafi. Haka in aka goge manhajar ko bayananta. A faɗi wannan a horo, a maimaita. Na uku, rage lambar da ke buɗe jeri, misali mutanen gida daga 8 zuwa 6, yana share layukan ƙarshe da duk abin da ke cikinsu, shi ya sa jerin sunaye ya fi lamba aminci. Na huɗu, duk gyaran tambayoyi bayan an fara aiki sabon bugu ne, kowane bugu kuma da nasa fayilolin, sai an haɗa da hannu. Wanda ya canza sunan tambaya ko lambar zaɓi tsakanin bugu biyu ya jawo wa masu nazari aiki. Gwajin fili na gaske kafin horo shi ke rage wannan.

Bayanai suna fita a Stata ko SPSS ko rubutu mai rabe-rabe, kowane jeri da fayil ɗinsa. A na rubutun, lambar da ba a amsa ba tana fitowa -999999999, kuma wanda ya ɗauki matsakaici bai cire ta ba zai sami shirme. Fassarar tambayoyi ta fayil ɗin Excel ake yi, mai tambaya kuma na iya sauya harshe a tsakiyar hira, wanda ya fi barin kowa ya fassara da ka.

Ga ƙungiyar da za ta tambayi gidaje ɗari biyu tambayoyi talatin, KoboToolbox ko ODK sun ishe ta, a Excel ake rubuta fom ɗinsu, an fi saurin koyo. Hukumar da ma'aikatanta suka goge da manhajar CSPro, wadda manyan binciken lafiya na DHS suka daɗe a kanta, ba lallai ta sauya ba, CSPro ta ma fi ba mai shirye-shirye 'yanci. Wadda za ta fara sabon binciken ƙwadago na kowane wata uku, ko binciken gidaje mai jeri a cikin jeri, ita ce za ta fi cin moriyar Survey Solutions. Ta ware wa saba mutum ɗaya, ta ware wa duba inganci wani, ta kuma sa aƙalla kwana biyu na horo a kan mayar da hira da amsa sharhi kaɗai, shugabannin tawaga da masu tambaya a zaune tare.