Hattara da Dillalan "Karatu a Turai" Masu Tura Yara Arewacin Saifurus

Jama'a, musamman iyaye, a yi hattara. Wasu ejan sun cika WhatsApp da TikTok da tallar gurbin karatu a Turai: wai an yafe rabin kuɗin makaranta, ba ruwanka da jarrabawar Turanci, kuma yaro zai samu aikin da zai riƙe kansa har ya aiko gida. Sai an sayar da fili ko shanu an biya kuɗin fom da na ejan da na zangon farko, sannan a gane Arewacin Saifurus ake nufi.

Abin da ba sa faɗa shi ne tsibirin Saifurus ya rabu biyu tun 1974. Kudu ita ce Jamhuriyar Saifurus, wadda ta shiga Tarayyar Turai a 2004. Arewa kuwa ta ayyana kanta ƙasa a 1983, kuma har yau Turkiyya kaɗai ta amince da ita. Shi ya sa jirgi ba ya sauka Erjan, filin jirgin saman arewar, sai ya bi ta Turkiyya. Takardar zaman da za a ba ɗanka a can ba ta shiga da shi Jamus ko Faransa. Duk ejan da ya ce "ka dai shiga tukuna, daga nan sai ka tsallaka" ƙarya yake yi. Masu tsallakawa kudu ta ɓarauniyar hanya galibi a sansanin masu neman mafaka na Purnara suke ƙarewa, karatu ya bi ruwa.

Rangwamen rabin kuɗin nan ma ba wata bajinta ba ce, kusan duk baƙon ɗalibi ana ba shi. Ejan kuwa ta biyu yake ci: ya karɓa a hannunka, makaranta kuma ta ba shi la'ada a kan kowane yaro da ya kawo. To yaya zai faɗa maka aibin hajarsa?

Inda abin ya fi ciwo shi ne maganar aiki. Kuɗin makaranta da yuro ko dala ake biya, hayar ɗaki a Nikosiya ko Girne ko Famagusta sau da yawa da fam ɗin Ingila ake yanke ta, ladan wanke kwanuka ko leburanci kuwa, in ma an samu, da lirar Turkiyya ne, wadda kullum faɗuwa take yi. Yaro ya kasa biyan zango, takardar zamansa ta mutu, tara ta yi ta hawa kansa, kunya kuma ta hana shi faɗa wa gida. Tun 2020 shugabar hukumar 'yan Najeriya mazauna ƙetare, Abike Dabiri-Erewa, ta gargaɗi iyaye kan tura yara can, bayan mace-macen ɗalibai. Najeriya ba ta da ofishin jakadanci a wurin. A 2024 kuma badaƙalar digirin bogi ta fashe a wata jami'a ta can, har aka yi kame.

Ban ce babu makarantun ƙwarai ba, akwai waɗanda suka gama lafiya suka dawo suna aiki. Amma wanda zai je ya san inda za shi. A tambayi ejan ɓaro-ɓaro: arewa ko kudu? A nemi ɗalibin da ke can yanzu, ba wanda ejan ya haɗa ku ba. A bincika a Ma'aikatar Ilimi ta Tarayyar Najeriya ko ana karɓar takardar makarantar, in likitanci ne a tuntuɓi MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Najeriya. Kuɗin makaranta kuma asusun makaranta ake tura shi, ba asusun wani mutum ba, ko da ɗan unguwarku ne.