Yaya, Ga Yadda Na Gyara Sigarin Lantarkina a Ingila

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kowa yana lafiya. Ka ce in riƙa ba ka labarin yadda kaya da gyara suke a nan, to ga wani da ya faru da ni makon jiya. Na san ba ka son wannan abin da nake zuƙa tun da na bar taba, amma ka yi haƙuri, labarin gyara ne.

Nawa irin wanda babu na'ura ko kaɗan a cikinsa ne. Bututu ne na jan ƙarfe, da batir guda, da maɓalli a gindi. Idan ka danna, wuta ta tashi daga batir ta bi jikin bututun ta shiga koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke yin zafi ta mai da ruwan sigarin tururi. Kamar tocila dai, sai dai wutar da yake ja ta ninka ta tocila nesa ba kusa ba. Batirin irin wanda ake kira 18650 ne, idan ya cika yana ba da bolt 4.2. Da koyil mai om 0.2 (ma'aunin yadda waya ke tare wuta), amp 21 na wuta ke nan suke ratsa wani ɗan wuri da bai kai ƙwayar wake ba, kuma babu fiyus da zai yanke idan abu ya ɓaci.

Ya fara yi mini wasa: in danna ya ƙi kamawa, sai na karkata yatsa, ga maɓallin yana zafi. Na kai shago. Yarinyar ta karɓe ni da fara'a, ta duba, ta ce su ba sa buɗe kayan mutane, in sayi sabo. Shago na biyu ma haka. A nan mai shago mai sayarwa ne kawai, tsoron a ɗora masa alhaki ya fi ƙarfin son taimakonsa. Na tuna yadda a gida za a warware abu gabanka, a hura, a goge, a miƙo maka.

Sai na zauna na warware shi da kaina, bayan na cire batirin. Ashe datti ne. Duk dannawa akwai ɗan tartsatsi tsakanin maɓalli da gindin batir, shi ke barin baƙin tabo, ga jan ƙarfen ya dushe saboda gumin hannu. Wuta ba ta samun hanya mai kyau, sai ta koma zafi. Na goge tabon da magogin fensir, na bi da auduga da sipirit, na wanke haƙoran murɗin da tsohon buroshi, na bari komai ya bushe sarai. Samfefa kam ban taɓa ba, domin wasu kawunan da ke taɓa batir ruwan azurfa ne aka shafa musu, kana kankarewa ka cinye shi. Da na mayar, na ji batirin yana ɗan girgiza a ciki, sai na murɗo ƙusar da ke taɓa kansa har ya zauna daram.

Nan ne zan ja kunnenka, don na san hannunka. Dabarar cusa takardar kwalin sigari ko miƙe sifirin da muke yi wa tocila, kada a gwada ta a wannan. Duk jikin batirin ɓangare ɗaya ne na wuta, ledar da aka sa masa ce kaɗai ta raba shi da bututun. Idan ta yage ko da kaɗan ne, abin zai iya kamawa da kansa a aljihu. A 2018 irin wannan na'urar ta fashe ta kashe wani mutum a Florida ta Amurka.

A wajen batir kuwa dole in yaba musu. Yarinyar da ta ƙi buɗe bututun, da ta ga ledar batirina ta ɗan yage a baki, ba ta bar ni na fita da shi haka ba. Ta sa masa sabuwar leda, ta hura masa zafi ta kama, ta kuma haɗa ni da ɗan akwatin roba don kada batir ya haɗu da makulli ko kwabbai. Batirin da ya mutu kuma ba a jefa shi a shara, manyan kantuna suna da kwandon karɓarsa. Dokarsu ma a tsaye take: ba a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, tankin ruwan sigarin bai wuce mililita 2, kuma tun 1 ga Yuni 2025 an hana sayar da sigarin lantarki na yarwa, wanda ake jefarwa idan ya ƙare.

Yanzu dai yana kamawa da taɓawa ɗaya, maɓallin kuma a sanyaye. Na mayar da gogewar duk ranar Lahadi. Ka gaishe mini da su Inna, kuma don Allah wannan labarin ya tsaya tsakaninmu.