Shekara ɗaya da rabi da shafa epoksi a daɓen garejina a Yamai

Garejin gidana da ke unguwar Banifandu ɗaki ne mai faɗin mita 4 da tsawon mita 6, kuma a cikinsa mota take kwana tare da babur da ƙaramin janareto. Tun da aka gina shi daɓensa yake fitar da gari kamar toka, ta yadda ko an share da safe, kafin azahar sai an ga sawun ƙafa fari-fari har cikin falo. Wani dattijon magini da ya duba ya ce mini an cika wa kwaɓin ruwa tun farko, kuma ba a riƙa yayyafa wa daɓen ruwa a kwanakin da suka biyo bayan zuba shi ba, sai zafin rana ya busar da samansa kafin simintin ya gama kamawa. Irin wannan daɓe ba ya daina ƙura da kansa, sai dai a rufe shi da wani abu.

Abin da na fara yi shi ne abin da yawancinmu muke yi: na sayi fentin mai irin wanda ake shafa wa ƙofa da taga, na sa aka shafa sau biyu. Wata uku bai cika ba ya fara saɓulewa a daidai inda tayoyin mota suke tsayawa. Daga baya na fahimci dalili biyu. Siminti yana da kaifi irin na kanwa, kuma idan ya haɗu da danshi yakan narkar da ƙasan fentin mai ya mayar da shi kamar sabulu. Sannan tayar da ta yi tafiya a kan kwalta da tsakar rana takan shigo da zafi, ta tausasa fentin, idan ta huce sai ta kama shi, kuma da zarar an tayar da mota sai ta tafi da shi. Gaskiyar masu iya magana ce da suka ce arha ba ta ado.

A watan Oktoban 2023 na shiga neman abin da zai daɗe. Na yi tunanin tayil, amma na ga yadda yake tsagewa a gidajen da ba a cika ƙarƙashinsa da siminti sosai ba, ga kuma baƙin mai da ke maƙalewa a layukan da ke tsakaninsa. Na zaga kasuwar Katako da wasu shagunan kayan gini na cikin gari, a lokacin da iyakar Nijar da Binin take rufe, kayan da aka saba shigowa da su ta Kwatano sun yi ƙaranci kuma sun yi tsada. Abin da na tsaya a kansa shi ne epoksi, wani irin fenti da ke daskarewa ya yi tauri a kan daɓe, kuma iri biyu na samu. Akwai wanda ake sirkawa da ruwa, mai sauƙin shafawa da sauƙin kuɗi, amma siriri ne domin rabinsa ko fiye yana bin iska idan ya bushe. Akwai kuma wanda babu sirki a cikinsa, wanda duk abin da aka zuba a ƙasa yake zama a ƙasa, ya yi kauri ya yi ƙarfi. Na biyun na ɗauka, mai launin toka, kuma na tsaya na duba ranar da aka rubuta a gindin gwangwanin, domin kayan da suka daɗe a hanya cikin zafi ba abin amincewa ba ne ido rufe. Kowane saiti gwangwani biyu ne, babba mai alamar A da ƙarami mai alamar B, kuma babu wanda yake bushewa shi kaɗai sai an haɗa su.

Mai shagon ya yi mini gargaɗi guda da na ji daɗinsa. Ya ce, «Alhaji, kada ka shafa sai ka tabbatar ƙasa ba ta gumi.» Na yanko leda mai kauri kamar rabin mita kowane gefe, na manna ta a daɓen da salatif ta kowace kusurwa a wurare uku, na bar ta kwana ɗaya cur. Da na ɗaga, ƙarƙashinta a bushe yake, simintin bai yi duhu ba. Da na ga raɓa a jikin ledar, da na fasa aikin, domin epoksi ba ya barin danshi ya fita, kuma ruwan da ke tasowa daga ƙasa zai tura shi ya yi bororo. Waɗanda gidajensu suke kusa da kogi ko a cikin kwari ya kamata su yi wannan gwaji a ƙarshen damina, ba a watan Afrilu ba, lokacin da ko'ina yake a bushe. Wanda kuma daɓensa sabo ne sai ya jira aƙalla kwana 28.

Gyaran daɓen shi ne ya ci mafi yawan lokaci da ƙarfi, kuma shi ne nake ganin ya raba aikin da ya riƙe da wanda bai riƙe ba. An ba ni shawarar in wanke da asid, amma asid ba ya cire tsohon fenti kuma ba ya cire baƙin mai, sannan yana buƙatar a ɗauraye da ruwa mai yawa a sake jiran bushewa, ga tiririnsa da ke sa ƙarfe tsatsa. Sai na kira masu aikin tarazo da injinsu na gurza daɓe. Aikin da ya kamata a gama a yini ɗaya ya kai kwana uku, saboda a watannin nan wuta ba ta zama tun bayan da aka yanke wadda ke zuwa daga Najeriya, kuma janaretona ba ya iya ɗaukar injin. Na saya wa ma'aikatan takunkumi na ƙwarai na nace su sa, domin ƙurar siminti tana zama a huhu, kuma ƙyallen da suka saba ɗaurawa a hanci ba ya tare ta.

Bayan an gurza, daɓen ya koma da kaushi kamar bayan tukunyar ƙasa, kuma haka ake so. Na ɗebo ruwa a kofi ina ɗigawa wuri-wuri. Inda ruwan ya nutse nan take ya bar duhu, na san simintin zai sha abin da za a shafa masa. Amma a kusurwar da janareto ya shekara uku yana ɗigar da mai, ruwan ya tsaya dunƙule-dunƙule yana ƙyalli kamar a kan ganyen gwaza. Mun wanke wurin da sabulun cire maiƙo da burushin waya har sau biyu, ruwan ya ɗan fara shiga, ni kuma na gaji na ce ya isa. Bai isa ba, kuma zan dawo kan wannan. Tsagogi biyu da suke tsakiyar ɗakin mun buɗe bakinsu kaɗan, muka cika su da epoksin da aka kwaɓa da yashi mai laushi.

A tsakiyar Nuwamba muka shafa. Na zaɓi lokacin ne domin ruwan sama ya ɗauke, ƙurar hunturu ba ta yi ƙarfi ba tukuna, kuma zafi bai kai na Afrilu da Mayu ba, lokacin da yake haura digiri 40. Duk da haka rana a Yamai a watan nan takan kai digiri 35, kuma a nan ne muka yi asara. Takardar gwangwanin ta ce bayan an haɗa akwai kusan minti 40 na aiki, amma ban lura da cewa lissafin na yanayi mai digiri 20 ba ne. Ƙa'idar da masu sana'ar suka sani ita ce duk ƙarin digiri 10 yana rage lokacin da kusan rabi. Mai fentin da na ɗauko, wanda ya ƙware a fentin bango amma bai taɓa wannan ba, ya juye saiti guda gaba ɗaya a bokiti da hantsi, ya gauraya, ya fara shafawa a natse daga kusurwa. Ba a yi minti goma sha biyar ba ya kira ni ya ce, «Maigida, zo ka taɓa bokitin nan.» Na kai hannu na janye saboda zafi. Abin da ya rage a ciki ya yi kauri kamar tuwo, yana fitar da tiriri, kuma kafin mu yi wani abu rolar ta sandare a cikinsa. Haɗin yana haifar da zafi da kansa, kuma idan ya taru da yawa a wuri ɗaya zafin yana ƙara masa saurin daskarewa.

Washegari muka sake dabara. Gwangwanayen suka kwana a ɗaki mai sanyi, muka ari sikeli, muka riƙa auna kilo ɗaya-ɗaya bisa awon da kamfanin ya rubuta, ba da ido ba, domin idan B ya yi kaɗan shafin ba zai taɓa bushewa ba, zai zauna yana danƙo. Kowane haɗi mukan gauraya shi minti uku har da kankare gefe da gindin bokitin, sannan mu zuba shi a ƙasa nan take mu baza da rola. Kuma mun koma aiki bayan la'asar. Wurin da aka shafa da hantsi a ranar farko ya fito da ƙananan ramuka kamar na allura, saboda idan daɓe yana ɗumama, iskar da ke cikin siminti tana fitowa ta huda ɗanyen shafi, amma idan yana hucewa sai ya riƙa zuƙar shafin ciki. Abin da ban yi tsammani ba shi ne ƙwari: da magariba ta yi muka kunna ƙwan lantarki, sai suka taru suna faɗawa a kan ɗanyen shafin, dole muka kashe muka ƙarasa da fitilar hannu. Har yau akwai wata ƙaramar fara a daskare kusa da bango, fikafikanta a buɗe. Safar hannu wajibi ce, domin sinadarin yana sa fata ƙaiƙayi da ƙuraje, kuma idan ya taɓa jiki da sabulu da ruwa ake wankewa, ba da fetur ba.

Shafi biyu muka yi, na farko siriri domin simintin ya sha, na biyu mai kauri kafin kwana ɗaya ya cika. A kan na biyun na watsa yashin kogi da aka wanke aka shanya aka tankaɗe, saboda epoksi idan ya jiƙe yana da santsi ƙwarai, kuma mahaifiyata takan bi ta garejin idan za ta fita. Bayan kwana ɗaya ana iya takawa, amma mota ta yi mako guda a ƙofar gida kafin na shigar da ita.

Yanzu shafin ya ga bazara biyu da daminar 2024, wadda ta zo da ruwa mai yawa da ambaliya a sassan ƙasar nan. Ƙurar siminti ta ƙare ƙaf. Inda tayoyi suke tsayawa babu ko alamar ɓallewa, duk da cewa nakan shigo da mota da tsakar ranar Afrilu. Baƙin mai idan ya zuba tsumma ɗaya yake ɗauke shi. Ranar da ruwa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa ya kwanta har safe, mun share shi kawai, shafin bai kumbura ba.

Aibinsa kuma ba zan ɓoye ba. A kusurwar janareto, wurin da na ce ya isa, wani yanki kamar tafin hannu ya ɗago bayan wata biyar, kuma da na ɓamɓare shi na ga ƙasansa baƙi da maiƙo. Wannan laifin gaggawata ne. Na kayan kuwa shi ne ba sa jure rana: bakin ƙofa, kamar taku biyu inda hasken yamma yake sauka, ya koma rawaya-rawaya ya dushe, har ana ganin layi tsakaninsa da sauran ɗakin. Ana magance wannan da shafi na uku na wani fenti da ake kira poliyuretan, irin wanda rana ba ta canza wa launi, kuma na yi nadamar tsallake shi don rage kuɗi. Rairayin da tayoyi suke shigowa da shi ya ci ƙyallin a hanyar mota, ƙafar babur kuma ta yi masa zane har sai da na ajiye guntun katako a wurin. Yashin da na watsa ya hana zamewa, amma yana kama tsumma wajen gogewa, don haka da burushi da ruwa ake wanke shi. Launin toka ma bai dace da garinmu ba, domin jar ƙura tana bayyana a kansa ƙarara, kuma da zan sake zaɓa, mai launin ƙasa zan ɗauka.

Ga wanda daɓensa ba ya gumi, kuma yake da halin ɗauko injin gurzawa da haƙurin ajiye mota a waje har mako guda, ina ba da shawararsa ba tare da shakka ba. Wanda zai shafa shi a kan tsohon fenti ko a kan maiƙo, ko kuma a tsakiyar bazara, gara ya bar kuɗinsa a aljihu. Ni dai a Nuwamba mai zuwa zan sassaƙe simintin kusurwar janareto har sai na kai inda mai bai shiga ba, in cike wurin in sake shafawa, sannan in bi bakin ƙofar da poliyuretan.