Wasiƙa daga Riyad: na ga fistol a cikin gilashi kamar agogo

Assalamu alaikum Yaya. Ina gaisuwa da fatan kowa yana lafiya, da Inna da iyali da yara baki ɗaya.

Saƙon muryarka na ranar Juma'a ya iso, na saurare shi har sau uku ina zaune a mota ina jiran maigida. Tambaya biyu ka yi mini. Wai da gaske ne a Saudiyya ana sayar da fistol a kasuwa kamar yadda ake sayar da waya? Sannan bidiyon da ka turo na Baturen nan da ke zaune a garejinsa yana sake cika kwanson harsashi da wani ɗan inji, ko ana samun injin a nan in cusa maka cikin kaya? Na ga gara in ba ka amsa a fili kowa ya karanta, don kai ne na huɗu daga garinmu da ya yi mini wannan tambaya tun bara.

Ana sayarwa, na gani da idona. Akwai wani gari da ake kira Malham a arewacin Riyad, tafiyar kamar awa ɗaya a mota in ka bi hanyar Ƙasim. A can ƙungiyar masu kiwon shaho ta Saudiyya, wadda aka kafa a 2017, take da babban filinta, kuma a can take shirya baje kolin shaho da kayan farauta duk shekara, yawanci cikin Oktoba. Maigidana ba ya fashi. A wannan karon ya ce in ajiye mota in biyo shi ciki in riƙe masa kaya, shi ne na samu shiga.

Yaya, rumfa ce wadda in ka tsaya a wannan baki ba ka hango wancan, ga sanyin na'ura kamar hunturu. Da farko sai ka ratsa masu shaho, kowanne da tsuntsunsa a hannu an rufe masa ido da 'yar hular fata, ana ciniki a kan kuɗin da zai sayi gonakin unguwarmu duka. Sai masu tanti da kayan kwana a sahara, sai masu wuƙaƙe. Daga nan ka faɗa ɓangaren makamai. Ga fistol nan a jere cikin akwatunan gilashi, an haska musu fitila, kowace da takardar farashinta. Na ga Glock ta Ostiriya, wadda rabin jikinta roba ce mai tauri, lamba 17 tana cin harsashi 17, lamba 19 ta ɗan fi ta gajarta tana cin 15. Na ga Beretta ta Italiya, kamfanin da tarihinsa ya koma har 1526, wato kusan shekara ɗari uku kafin jihadin Shehu. Ga na Amurka irin su Smith & Wesson masu ɗan gangan da ke juyawa, waɗanda su Baba suke ce wa libarba. Masu sauƙin kuɗi su ne na Turkiyya irin Canik da Taurus ta Barazil, su ne samari suka fi yi wa layi. Wadda maigidana ya zaɓa kuwa, da harajin kashi 15 cikin ɗari da ake ɗorawa a kan kaya a nan, ta cinye albashina na watanni.

Amma fa bai fito da ita a aljihu ba. Nan ne labarin da ake ba ku a gida ya yanke. Mai rumfar ya karɓi lambar katinsa na ɗan ƙasa, ya shigar a kwamfuta, maganar ta tafi ma'aikatar cikin gida. Sai an duba shekarunka, an duba ba ka da tabon laifi, likita ya shaida lafiyar jikinka da ta ƙwaƙwalwarka. Lasisin yana fitowa ne a manhajar Absher, wadda mu ma a kanta igamarmu, wato takardar izinin zama, take. Lambar da ke jikin bindigar an ɗaure ta da sunan mai ita, in zai sayar wa wani sai an yi canjin suna a hukumance, kamar mota. Ranar mun dawo da rasit da kwalin dabino ne kawai. Sai bayan kwanaki saƙo ya shigo wayarsa sannan aka ba shi kayarsa.

Ni kuwa ko ƙofar wannan layi ban isa ba. Na ɗan jingina da gilashin ina kallon wata baƙa mai kyau, yaron shagon ya ɗago ya ce da ni, “Sa'udi?” Na girgiza kai. Bai ƙara ce mini uffan ba, ya juya wajen wani. Ban ji haushinsa sosai ba, don na san ƙa'idar: cinikin na 'yan ƙasa ne. Ni direba ne, igamata a ƙarƙashin kafili take. Har 'yan uwanmu da aka haifa a Makka da Jidda, waɗanda kakanninsu suka zo a ƙafa ta Sudan, in ba su da katin ɗan ƙasa, kallo ne nasu kamar ni. Baƙo da aka kama da bindiga a nan, gidan yari ne, in ya gama a kai shi tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora, a sa shi a jirgi da kayan jikinsa.

Wanda ya mallaka ɗin ma ba sakin wuya aka yi masa ba. Dokarsu ta makamai, wadda ta fito a 2005, ta hana shiga da makami harami biyu, da masallatai, da ma'aikatun gwamnati, da makarantu, da wuraren taro. Harbi sama a wajen biki, wanda a da al'adarsu ce, yanzu ɗauri ne da tara, kuma da yawa bidiyon da abokansu suka ɗauka ne yake tona musu asiri. Farauta ma sai da izini daga hukumar namun daji, tana da lokacinta, kuma an ƙayyade tsuntsayen da za ka harba.

To sai maganar injin cika harsashi. Wannan bidiyo daga Amurka yake, kuma a can abin halal ne, mutum ya cika don amfanin kansa. Sana'ar sha'awa ce gare su, kamar yadda wani yake kiwon tantabara. Suna da kamfanoni irin su Lee da RCBS da Dillon da ba su da aiki sai ƙera waɗannan injina. Dalilinsu shi ne a harsashi kwanson tagullar nan ya fi komai daraja, kuma ba ya lalacewa da harbi ɗaya, don haka mai zuwa filin harbi duk mako yana rage kashe kuɗi in ya tsince nasa. Sai dai abin da bidiyon bai nuna maka ba, injin shi kaɗai ƙarfe ne kawai. Duk abin da ake zubawa a ciki daga masana'anta yake fitowa, a shago ake saya, ana auna shi da sikeli irin na masu zinariya. Ko a Amurkar, lokacin korona a 2020 da kayan suka yi wuya, masu injinan zama suka yi suna kallonsu. Kuma kuskure kaɗan a awo, bindigar a hannunka za ta tarwatse. Shi ya sa kamfanonin fistol, har da Glock, suke rubutawa a littafin da ke cikin akwati cewa in ka sa harsashin da aka sake cikawa, ba ruwansu da abin da ya same ka.

A nan Saudiyya ban ga injin a rumfa ko ɗaya ba, kuma na duba saboda kai. Daga baya na kai maigida wani kulob na harbi mai lasisi a cikin gari. Ina tsaye bayan gilashi da abin toshe kunne, na ga kwanso yana zuba a ƙasa kamar ɓawon gyaɗa, wani ma'aikaci ɗan Bangaladash yana sharewa yana zubawa a bokiti. Na tambayi mai koyar da harbin da guntun Larabcina ko mutum zai iya kwasa ya je gida ya cika. Ya yi dariya ya ce, “Mamnu'u,” wato an hana. Wannan kalma ita ce ta farko da kowane baƙo yake koya a ƙasar nan. Ƙera makami da harsashi ba aikin ɗaiɗaikun mutane ba ne a wajensu. Mai lasisi yana sayen nasa a kwali, sabo, daidai da bindigar da ke rubuce da sunansa.

Ina tsaye a wurin sai Baba ya faɗo mini a rai, Allah ya jiƙansa. Ai mu ne asalin masu cika bindiga a gida. Ka tuna daren da zai fita dawa, ya shimfiɗa buzu a zaure, ya jawo ƙahon albarushinsa, ya ɗura ta baki, ya danna da sanda, mu kuma an kore mu can bakin ƙofa, an hana kowa matsowa da fitilar ƙwai. Harbi ɗaya ne, in ka kuskure sai ƙafa ta cece ka, ba banza aka sa mata suna harba-ka-ruga ba. Kuma ka tuna yadda Kawu ya rasa yatsu biyu, ranar da bututun tasa ya fashe don wani ya ba shi garin da ya kwance daga harsashin zamani ya ce ya fi ƙarfi. Ya fi ƙarfi ɗin, shi ne matsalar. Bututun da maƙeri ya yi bai san wannan ƙarfi ba. Ina roƙonka da girman Allah ka gaya wa yaran da kuke sintiri tare kada wanda ya gwada haka.

Wani abin mamaki, su ma Larabawan nan suna da bindigar toka, ba su yar ba. Da zafi ya yi bara na kai iyalin gidan Ɗa'ifa, na ga wata rawa da suke kira ta'ashir. Namiji zai ɗura albarushi zalla babu dalma, ya yi tsalle sama, ya harba ƙasa tsakanin ƙafafunsa, wuta da hayaƙi su tashi ya dira a ciki. Wallahi sai na ji kamar ina bakin fada ranar hawan sallah, 'yan bindigar sarki suna ɓarin albarushi. Na tsaya ina tunani, muna yara in an ce ga 'yan bindiga nan, da gudu muke fita kallo. Yau in an faɗi haka, da gudu ake shiga daji.

Na san abin da ya sa ka tambaya, Yaya, kuma ban ga laifinka ba. Kai kake kwana a bakin gari da bindigar Baba, waɗanda kake jira kuma da tashi-gari-barde suke zuwa. Amma ko da na samu hanyar saya, ban ga ta inda za ta iso hannunka ba. Kayan da muke aikowa ta kago sai sun bi ta na'ura a nan, su bi ta hannun kwastan a can. Kuma dokar Najeriya ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku: ta toka Kwamishinan 'yan sanda ne mai ba da izininta, ta harbin tsuntsu Sufeto Janar, ita kuwa fistol tana cikin jerin haramtattu tare da na yaƙi, sai da izinin Shugaban Ƙasa. Ka tuna a watan Yunin 2022 da Gwamna Matawalle ya ce mutanen Zamfara su nemi lasisin bindiga su kare kansu. Ni dai ban san mutum ɗaya a garinmu da ya riƙe takardar a hannunsa ba. Sannan in za mu faɗa wa juna gaskiya, fistol makamin kusa ne, na cikin ɗaki da tsakar gida. Ba ta da abin da za ta gaya wa mai AK-47 da ke tsaye a ƙarshen gona.

Fistol ɗin maigidana tana cikin akwatin ƙarfe a ɗakinsa. Tun da ya karɓo ta, sau biyu na kai shi ya harba, sauran lokacin sai in abokansa sun zo shan gahawa ya fito da ita a yaba a mayar. Ado ce, kamar agogonsa. Ni da ba ni da ko wuƙa, na sha tuƙa mota cikin dare daga Riyad zuwa Makka, kusan kilomita 900, in tsaya gidan mai in yi sallah in ɗan runtsa, abin da nake tsoro kawai kyamarar gudu da raƙumi. Kai kuwa Gusau zuwa Funtuwa, in la'asar ta yi sanyi sai ka kwana. Kada ka ɗauka aljanna nake, albashina ma sai ya kwana arba'in bai shigo ba kuma ba ni da bakin magana. Amma barci dai ina yi.

Abin da na iya saya a Malham, na saya. Akwai tocila irin ta masu farauta, mai caji, haskenta yana kai nesa sosai. Da na koma kasuwar Bad'ha na tarar da irinta a rabin kuɗin, duk 'yan Sin ne, sai dai sun fi waɗanda ake kawo mana Sabon Gari ƙwari. Na ɗauko guda huɗu, da ƙaramin faifan sola na cajin su, da rigar sanyi mai kauri saboda tsayuwar dare in hunturu ya shigo. Wani ɗan Ƙaura da zai dawo ƙarshen wata zai taho da su, da dabinon Inna.

Ita kuma bindigar Baba, ka kai wa maƙeri ya duba bututun kafin ka ƙara ɗura ta, ta tsufa, kuɗin aikin ni zan biya. Na kuma ga wani takalmin sahara mai rufe idon sawu, ƙaya ba ta huda shi. Ka turo mini lambar ƙafarka da ta yaran nan biyu da kuke fita tare, kafin ranar Alhamis.